Lasin tuƙi a Birtaniya: tambayoyin da sababbin zuwa suka fi yi

Mutum zai shekara goma sha biyar yana tuƙi tsakanin Kano da Kaduna, ko Maraɗi da Yamai, ya zo Birtaniya a ce masa ya manna alamar ɗan koyo a motarsa. Abin yana yi wa mutane ciwo, amma haka dokar take. Bayanan da ke ƙasa sun shafi Ingila da Sikotilan da Wales, kuma a kan ƙananan motoci ne. Ireland ta Arewa tana da tata hukumar da nata tsarin. Kuɗaɗen da aka ambata sukan canza, don haka a tabbatar da su a shafin gwamnati na GOV.UK kafin a biya.

Zan iya tuƙi da lasin da na zo da shi daga gida?

Za ka iya, amma na wata 12 kacal, ana lissafi daga ranar da ka zama mazaunin ƙasar. Sharaɗin shi ne lasin ya kasance cikakke, ba na koyo ba, kuma wa'adinsa bai ƙare ba. Idan lasinka na Najeriya zai mutu bayan wata huɗu da zuwanka, to iznin tuƙinka ma a wata huɗun zai tsaya. Wanda bai taso ba tukuna, ya duba ranar da ke jikin katinsa, ya sabunta tun yana gida.

A cikin waɗannan watanni kana tuƙi kai kaɗai, ba sai da mai sa ido ba, har kan manyan titunan gudu. Abin da ba za ka iya yi ba shi ne tuƙi ba inshora, kuma akwai amsa ta daban a kan wannan can ƙasa.

Idan na je gida hutu na dawo, lissafin wata 12 zai fara sabo?

A'a. Wannan magana ta yaɗu sosai, kuma ta jefa mutane cikin matsala. Ga wanda yake zaune a ƙasar, lissafi yana farawa ne daga lokacin da ya fara zama, ba daga ranar da ya sauka a filin jirgi na ƙarshe ba. Zuwa bikin Sallah a Katsina ko Umara a watan azumi ba ya mayar da agogo baya.

Lasin ƙasa da ƙasa ma, wanda wasu ke karɓa kafin su taso, ba ya ƙara ko kwana ɗaya. Amfaninsa fassara ce, musamman ga wanda lasinsa ke rubuce da Faransanci ko Larabci, kamar na Nijar da Chadi da Sudan.

Me zai hana in miƙa lasina a musanya mini da na Birtaniya?

Musanya tana yiwuwa ne ga ƙasashen da Birtaniya ta amince da tsarin jarrabawarsu. A cikinsu akwai Kanada, Ostareliya, Japan, Koriya ta Kudu, Singapore, Suwizalan da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Daga Afirka akwai Afirka ta Kudu da Zimbabuwe. Najeriya, Nijar, Gana, Kamaru, Chadi da Sudan duk ba sa ciki. Saudiyya ma ba ta ciki, kuma wannan yakan ba likitoci da ma'aikatan jinya da suka yi aiki a Jidda ko Riyad mamaki. Amurka kanta ba ta ciki.

Wanda ke da lasin ɗaya daga cikin ƙasashen da aka amince da su yana da shekara 5 daga fara zamansa ya yi musanyar, a kan fam 43, amma tuƙi da tsohon lasin bai wuce wata 12 ɗin nan ba. Abin da hukumar DVLA, mai bayar da lasin tuƙi, ke dubawa shi ne inda mutum ya ci jarrabawa. Idan ka ci a Abuja, ka je wata ƙasa suka musanya maka da nasu, lasin nan har yanzu na Abuja ne a idonsu. Haka yake ga lasin ƙasashen Tarayyar Turai: wanda ya ci jarrabawarsa a Faransa ko Italiya zai iya tuƙi da shi har ya kai shekara 70, amma wanda ya samo shi ta musanyar lasin Nijar, wata 12 ne nasa.

To daga ina zan fara?

Daga lasin koyo. Ana nemansa a GOV.UK a kan fam 34, ko ta gidan waya da fom mai suna D1 a kan fam 43. Ofishin DVLA yana birnin Swansea, kuma daga can ake aiko katin. Ana buƙatar a ce an ba ka iznin zama a ƙasar na aƙalla kwana 185, ka kawo shaidar ko kai wane ne, da adireshin wuraren da ka zauna a shekaru uku da suka wuce. Masu iznin zama na intanet suna bayar da lambar da Ma'aikatar Cikin Gida ke fitarwa don a tabbatar da matsayinsu. Dole kuma idonka ya iya karanta lambar mota daga nisan mita 20, da tabarau ko ba shi.

A kula da shafukan da ke kama da na gwamnati, waɗanda ke fitowa a sama idan mutum ya yi bincike a Google. Suna karɓar kuɗin "taimako" a kan abin da za ka yi da kanka cikin mintuna kaɗan. Idan adireshin bai ƙare da gov.uk ba, ba nan ba ne.

Tunda ina da shekara guda, me ya sa ake cewa in yi gaggawa?

Domin shekarar ba ta kai shekara ba. Doka ta ce kafin ka zauna jarrabawa, ta kwamfuta ko ta kan titi, sai ka yi kwana 185 a ƙasar cikin wata 12 da suka gabata. Wata shida sun tafi ke nan. Ba za ka iya kama ranar jarrabawar titi ba sai ka ci ta kwamfuta. Sannan tun bayan annobar korona layin jarrabawar titi ya yi tsawo, har a cibiyoyi da yawa mutum yakan jira wata biyar ko kusan shida.

Ɗauki wanda ya sauka a watan Janairu. Ba zai zauna ta kwamfuta ba sai Yuli. Idan ya ci a zama ɗaya ya nemi rana nan take, mai yiwuwa a ba shi Disamba. Idan ya faɗi, kuma kusan rabin masu zuwa jarrabawar titi faɗuwa suke yi, wata 12 sun cika bai da lasi. Wannan ga wanda bai yi sakaci ba ke nan. Wanda ya bari sai wata na goma sannan ya tuna, zai ajiye mota ya koma bas da jirgin ƙasa na tsawon lokaci, kuma masu aikin kula da tsofaffi gida gida, waɗanda mota ce ƙafarsu, su suka fi jin jiki.

Shawarata ita ce a nemi lasin koyo a watannin farko, a fara karatu da darasi, yadda ranar da kwana 185 suka cika mutum ya riga ya shirya. Karɓar lasin koyo ba ya soke damarka ta tuƙi da lasin gida: muddin wata 12 ba su cika ba, ba sai ka manna alama ko ka ɗauki mai sa ido ba.

Yaya jarrabawar kwamfuta take? Akwai tafinta?

Hukumar DVSA, mai kula da jarrabawar tuƙi, ce ke shirya ta, kuɗinta fam 23, kuma kashi biyu ce a zama ɗaya. Na farko tambayoyi 50 ne na zaɓi cikin minti 57, ana so ka ci 43. Na biyu gajerun bidiyo 14 ne da ake nuna titi kamar kai ke tuƙi, ka danna da zarar ka hangi haɗarin da ke tasowa, kamar yaro da ke shirin fitowa daga tsakanin motoci. Maki 75 ne, ana so ka samu 44. Wanda ya ci kashi ɗaya ya faɗi ɗaya, duka zai sake. Ƙwararrun direbobi sun fi tuntuɓe a bidiyon, saboda wasu suna hango abin tun kafin na'ura ta fara ba da maki, su danna sau ɗaya su tsaya, wasu kuma su yi ta dannawa ba ƙaƙƙautawa har na'ura ta ɗauka maguɗi ne ta ba su sifili. Sai an gwada a gida sau da yawa hannu yake sabawa.

Tafinta kam babu. Tun watan Afrilun 2014 aka soke tafinta da fassarar murya cikin harsunan waje, a jarrabawar kwamfuta da ta titi. Abin da ya rage shi ne a sa maka na'urar kunne ta karanta maka tambayoyin da Turanci, kuma ana neman hakan tun lokacin kama rana. Ga 'yan'uwa daga Nijar ko Chadi da Turancinsu bai nuna ba, wannan shi ne babban tsauni, kuma babu hanya sai zama da littafin dokokin hanya, Highway Code. Takardar cin wannan jarrabawa shekara 2 take yi. Idan ta mutu ba ka ci ta titi ba, sai ka sake.

Na daɗe ina tuƙi. Dole ne sai na biya malami?

Doka ba ta tilasta ba, amma ni ban ga hikimar ƙin yi ba. Mai jarrabawa ba ya tambaya ko ka iya sarrafa mota, wannan ya san ka iya. Yana duba ko kana tuƙi yadda ake yi a nan. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Sabon ɗan koyo yakan ci darasi na awa 40 ko fiye. Tsohon direba ba ya buƙatar haka, amma yana buƙatar wanda zai zauna gefensa ya nuna masa ɗabi'un da shi kansa bai san yana da su ba.

Malamin da hukuma ta amince da shi yana manna koren baji a gilashin gaba, wanda ke kan horo kuma ruwan hoda. Laifi ne wanda ba shi da ɗayansu ya karɓi kuɗin koyarwa, ko da ɗan garinku ne. Ɗan'uwa ko aboki zai iya zama da kai kyauta idan ya wuce shekara 21 kuma ya shekara 3 da cikakken lasin Birtaniya ko na Tarayyar Turai. Lasin Najeriya ba ya wadatarwa a nan, don haka maigidan da shi ma yake tuƙi da lasin gida ba zai iya koya wa uwargida a kan titi ba. Motar tana buƙatar alamar L gaba da baya, da inshorar da ta ambaci ɗan koyon.

Waɗanne halaye ne ke kayar da direbobinmu?

Na farko shi ne hannun tuƙi. Birtaniya hagu take bi. Najeriya ta bar hagu ta koma dama a 1972, Gana ta bi a 1974, Nijar kuwa dama take bi tun asali, don haka kusan duk wanda ke zuwa yanzu da dama ya tashi. A titi mai cunkoso ba a cika ruɗewa ba, motocin gaba suna nuna hanya. Haɗarin yana wajen fitowa daga gidan mai ko lungu da asuba, titi ba kowa, jiki ya koma abin da ya saba.

Sai shataletale. Ana zagaya shi ta hagu, mai zuwa daga damanka shi ke da hanya, kuma layin da za ka shiga tun daga nesa ake zaɓarsa. Cusa hancin mota don a ba ka hanya, wanda a Kano dabara ce, a nan faɗuwa ce nan take. Amma tsayawa kana ta jira alhali hanya a buɗe take shi ma laifi ne da ake rubutawa. Madubi kuma dole a duba shi kafin sigina, kafin birki, kafin sauya layi, sannan a waiga a duba gefen da madubi ba ya nunawa kafin a tayar da mota daga bakin titi. Rashin duba da kyau a mahaɗar hanya da rashin amfani da madubi su ne a sahun gaba cikin dalilan faɗuwa shekara da shekaru.

Ham ba gaisuwa ba ce kuma ba faɗa ba ce. Ba a danna ta mota na tsaye sai in akwai haɗari, ba a danna ta cikin unguwa daga 11:30 na dare zuwa 7 na safe. Gudu da mil ake auna shi, ba kilomita ba: mil 30 a awa cikin gari, 60 a titi mai hannu ɗaya a wajen gari, 70 a mai hannu biyu. A Wales an mayar da na cikin gari mil 20 tun Satumbar 2023, kuma unguwanni da yawa a Landan ma haka suke. Tun Janairun 2022 kuma, mai tafiya a ƙasa da ke jiran tsallakawa a bakin kwanar da za ka shiga, kai za ka tsaya masa. Mai keke ana ba shi tazarar aƙalla mita ɗaya da rabi wajen wuce shi.

Me ke faruwa ranar jarrabawar titi?

Kuɗinta fam 62 a ranakun aiki, fam 75 da yamma ko ƙarshen mako, ban da kuɗin hayar motar malami. Tana ɗaukar kimanin minti 40. Za a fara da karanta lambar mota daga nesa, wanda ya kasa a nan ta ƙare. Za a yi maka tambayoyi biyu kan lafiyar mota, ɗaya kafin ka tashi, ɗaya kana cikin tuƙi, kamar ka nuna yadda ake wanke gilashi. Akwai ribas iri ɗaya daga cikin uku: fakin a bayan wata mota a gefen titi, shiga gurbin fakin, ko tsayawa a hannun dama ka ja baya kamar tsawon mota biyu. Wani ɓangare mai yawa kuma kai kaɗai za ka bi na'urar nuna hanya ko allunan titi. Ɓata hanya ba laifi ba ne idan ka yi shi cikin natsuwa.

Ana yafe ƙananan kurakurai har 15. Babban kuskure ɗaya tak ya isa ya kayar da mutum. Wanda ya faɗi sai ya bar kwana 10 na aiki kafin ya sake, ko da yake dogon layin da aka yi bayaninsa a sama shi ne ainihin jiran. Wanda ya ci zai iya tuƙi daga wannan lokacin, katin yakan iso cikin mako uku.

Manuwal ko otomatik?

Wanda ya ci da manuwal zai tuƙa duka biyu. Wanda ya ci da otomatik, otomatik kaɗai. Idan lokaci ya ƙure maka, ko ka saba da otomatik tun gida, ka yi da ita, domin canza giya da hannun hagu wani sabon karatu ne. Idan kuma kana hangen aikin da za a miƙa maka motar kamfani, manuwal ta fi buɗe ƙofa.

Ina sa hijabi ko niƙabi. Zai zama matsala?

Hijabi ba matsala ba ne, 'yar'uwa, ko a hoton lasi ko a ɗakin jarrabawa, muddin fuska a buɗe take. Mai niƙabi za a nemi ta ɗaga don a gwada fuskarta da hoton kati, kuma za ta iya roƙon mace ta duba ta a keɓe. Malamai mata suna nan a yawancin garuruwa, sai dai layinsu ya fi tsawo, a fara nema da wuri. A mota, a tabbatar mayafin ba ya tare gefen ido lokacin waiwaye.

Wani ya ce zai samo mini rana da wuri, ko ya sa a zauna mini jarrabawar. In yarda?

Magana biyu ce. Masu sayar da rana suna kame guraben ne su sayar ninki biyu ko uku, kuma sai ka ba su lambar lasinka, wadda ba ka san me za su yi da ita ba. Gurabe suna buɗewa a shafin hukuma idan wasu sun fasa, mai yawan leƙawa yakan dace. Idan kai ne za ka fasa, tun Afrilun 2025 sai ka sanar da kwana 10 na aiki kafin ranar, in ba haka ba kuɗinka ya tafi.

Zama wa wani jarrabawa kuwa, ko sa na'ura a kunne a riƙa faɗa maka amsa, zamba ce da ake ɗaure mutane a kanta, da mai zaman da wanda aka zauna wa. Ga baƙo abin ya wuce nan, domin hukuncin kotu yana bin mutum har ranar da zai nemi zaman dindindin ko zama ɗan ƙasa. Lasin da ake tallatawa a WhatsApp "ba tare da jarrabawa ba" roba ce kawai, ɗan sanda yana duba na'urarsa zai ga babu sunanka.

Inshora fa? Me ya sa take da tsada haka?

Kamfanoni suna kallon sabon zuwa a matsayin wanda ba su san tarihinsa ba, kuma da yawa ba sa lissafa shekarun da ka yi kana tuƙi a gida. Duk da haka babu tsallake ta. Inshora a nan tana bin direba da motar tare, ba motar kaɗai ba, saboda haka aron motar aboki "in je in dawo" laifi ne idan sunanka ba ya ciki. Tarar fam 300 ce da maki 6 na laifi da ake rubutawa a lasi, kuma 'yan sanda na iya ɗauke motar. Kyamarorinsu suna karanta lamba su gane motar da ba ta da inshora ba tare da an tsayar da kowa ba.

Kada a yi ƙarya wajen cike fom: irin lasin da kake riƙe da shi, ranar da ka shigo ƙasa, da wanda ya fi tuƙa motar. Idan aka gano, inshorar ta zama kamar babu. Haka take zama ga wanda ya ci gaba da tuƙi da lasin gida bayan wata 12, ko da yana biyan kuɗinsa kowane wata. Kai abinci ko kaya don kuɗi yana buƙatar inshora ta musamman, mai bizar karatu kuma ba a yarda ya yi aikin kansa ba ko kaɗan. Motar da ta wuce shekara 3 tana buƙatar gwajin lafiya na MOT duk shekara, ga kuma harajin mota.

Na ci jarrabawa. Akwai sauran abin tsoro?

Shekara 2 na farko. A ƙarƙashin dokar sababbin direbobi ta 1995, wanda ya tara maki 6 a wannan lokaci za a soke lasinsa, ya koma lasin koyo, ya sake jarrabawa biyun. Shekarunka na tuƙi a gida ba sa fitar da kai daga wannan doka. Riƙe waya a hannu kana tuƙi, ko da a tsaye kake a danja, fam 200 ne da maki 6, wato sau ɗaya ya isa. Wuce ƙa'idar gudu aƙalla fam 100 ne da maki 3.

Yara kuma sai da kujerarsu ta mota har su kai shekara 12 ko tsayin santimita 135, ba a rungumar jariri a cinya. Idan ka sauya gida ka sanar da DVLA, kyauta ne, rashin yi kuma na iya jawo tarar da ta kai fam 1,000. Haka idan kana da ciwon da ke shafar tuƙi, kamar farfaɗiya ko ciwon suga da ake yi wa allurar insulin. Katin kansa ana sabunta shi duk shekara 10.